Kwafin da Ba Shi da Zakara

Kunne suke ce masa tun yana yaro, kuma sunan ya bi shi har furfura. Ba wai kunnuwan manya ba ne. Ƙanana ne ma, a manne da kai kamar an liƙa su. Abin da suke ji ne ya jawo masa. Yana zaune a ɗaki zai ce famfon maƙwabta yana ɗiga, a leƙa a tarar haka ne. Mota ta wuce a titi ya ce wannan ba za ta kai mako ba, kuma ba ta kaiwa. Mutane suna cewa baiwa ce. Shi dai abin da ya sani, ba ya samun barcin rana.

Yayarsa ce ta raine shi. Uwarsu ta rasu yana shekara shida, ita tana sha tara. Uban ya tafi neman aiki wani gari, bai dawo ba, ba kuma wanda ya wahalar da kansa wajen nemansa. Yaya ta fara kitso a ƙofar gida, daga baya ta kama shago tsakanin mai ɗinki da mai sayar da magani, ta sa babban madubi da kujeru uku. Ta yi aure sau ɗaya, ta dawo bayan shekara biyu, ta ce ta gani, ya ishe ta. Ba ta haihu ba. Ba ta da taushin baki, ba ta taɓa ce wa ƙanen nata tana son sa ba. Amma ba ta taɓa sa loma a baki kafin shi ba.

Ita ta saya masa rediyo mai bakin kaset biyu da ya gama makaranta bai samu aiki ba. Ya kafa tebur a bakin tashar mota. Ka faɗi waƙar da kake so, ya juye maka a sabon kaset kana tsaye. A lokacin ba mai kiran wannan sata. Kwafi ake cewa, kamar yadda ɗalibi yake kwafe darasi daga allo. Kwafin Kunne ya fi na kowa fita tas, saboda yana jin ƙazantar da wasu ba sa ji, don haka direbobi wajensa suke layi.

Wata rana da hantsi wani tsoho ya tsaya a gaban teburin. Rigarsa ta koɗe, silifas ɗinsa ɗaya an ɗaure shi da waya. Ya nuna wani kaset ya ce, “Ɗana, saka mini wannan in ji.”

Kunne ya saka. Tsohon ya sunkuyar da kai yana saurare, sai ya yi gyaran murya. Gyaran muryar nan kaɗai ya isa. Kunne ya dubi sifika, ya dubi wuyan tsohon.

“Baba, kai ne?”

“Ni ne. A da.” Ya bi kayan teburin da kallo. “Ana saye?”

“Sosai. Ya fi kowanne fita.”

“To madalla. Ashe ana ji.” Ya sa hannu a aljihu yana lalube. “Ba ni ɗaya. Ba ni da shi a gida, jikokina ba su yarda ni na yi ba.”

Kunne ya ce ya bar aljihun, ya miƙa masa. Tsohon ya karɓa hannu biyu ya yi ta godiya, wai an yi masa kyauta.

Da ya ba Yaya labari, ko ɗago kai ba ta yi ba daga kan da take kitsawa. Ta ce, “Ka cire masa muryar ne? Ba tana nan a wuyansa ba? Wanke hannu ka ci abinci.”

Ya ci. Amma shekarar ba ta ƙare ba ya naɗe teburin. Ya shiga wani sutudiyo yana share ƙasa yana naɗe wayoyi, har aka bar shi ya taɓa na'ura. Daga nan ya zama mai haɗa sautin fim. Aikinsa shi ne ya wanke muryoyin 'yan wasa daga ƙarar janareta da ta iska, ya sa takun ƙafa inda babu, ya rage kiɗa inda ya danne magana. Shekara ashirin da shida yana wannan a wani ɗakin baya da aka lulluɓe bangonsa da soso da kwalin ƙwai. Ba taga. Fanka akwai, amma ba a kunna ta in ana aiki, don haka da singileti yake zama, tawul a wuya, hedifon a kai.

Yana cikin ɗakin nan duniya ta sauya. A da ɓarawon fim sai ya nemi faifai, ya nemi injin bugawa, ya nemi shago, a kama shi da kaya a hannu. Yanzu yatsa ɗaya ya isa. A ɗora fim a intanet da safe, kafin azahar yana wayar mutum dubu, kafin la'asar ba wanda zai iya ƙirgawa. Mafi ciwo, fim yakan fita tun kafin ranar fitarsa, kuma daga cikin gida. Domin kafin a gama fim sai ya bi hannu biyar ko shida: mai yanka hoto, mai kiɗa, mai rubuta fassara a ƙasa, mai fosta, mai talla. Kowa da kwafinsa. In ya zube, kowa ya rantse, kowa ya nuna na kusa da shi.

Kunne ne ya kawo wa ƙungiyar masu shirya fim dabara. A kowane kwafi da za a ba wani, sai ya dasa carar zakara guda ɗaya, can nesa, a ƙarƙashin maganar 'yan wasa, yadda mai kallo ba zai lura ba. A kwafin wannan zakaran ya yi cara a minti na sha biyu, a na wancan a minti na ashirin da bakwai. Ya rubuta a wani ɗan littafi da ba ya rabuwa da shi. In fim ya zube, a kawo masa, ya saurara, ya faɗi mai shi. Zakaran ma na Yaya ne, a bayan shagonta ya ɗauki muryarsa. An daɗe da cinye shi, amma bai daina aiki ba.

Mutum na farko da zakaran ya kama mai fosta ne. Kunne ya saurara sau ɗaya ya ce minti na sha tara. Jami'an kare haƙƙin mallaka suka zo da mota mai buɗaɗɗen baya, suka kwashe injinan mutumin, suka sa wa shagon sarƙa, suka liƙa takarda a ƙofa. Ya ce ɗan baffansa kaɗai ya ba wa, shi ma don ya kalla ne. Alƙali ya ce doka ba ta san ɗan baffa ba. Ya yi wata bakwai a tsare, ya fito da tarin da bai rabu da shi ba, ya tarar matarsa ta koma gidansu da yara. Shagon yana kan hanyar Kunne. Kullum da safe sai ya wuce ta gabansa. Kwaɗon ya yi tsatsa, takardar ta yi fari fat. Ko a jikinsa. Ya ga tsohon mawaƙi da silifas ɗin waya, ya san wanda ake cuta. Yakan ce shi bai ɗaure kowa ba, zakara ne ya yi cara.

Sai ga fim ɗin wata furodusa, mai shirya fim da kuɗinta. Mace ce mai ƙarancin magana, shekara huɗu tana fama da fim ɗaya. Ta sayar da motarta, ta sayar da filin da ta gada. Kwafi biyar ta yarda a fitar, kuma Kunne ya dasa wa kowanne zakaransa. Saura kwana tara a fara nuna shi, ranar wata Talata, ta kira shi a waya.

“Ya fita,” ta ce. “Zo ofis.”

A ofis ɗin ya tarar da ita zaune, hannuwa a kan tebur, ga wani jami'i a gefe yana juya biro. Ba su ɓoye wanda suke zargi ba. Mai yanka hoton, wanda ake kira Almakashi, ya yi rigima da ita watan jiya a kan ƙarshen fim ɗin, har ya faɗa gaban mutane cewa sai ta yi kuka da fim ɗin nan. Kwafinsa ne na uku.

Jami'in ya turo masa filashi a kan teburin. “Ga abin da muka sauke daga intanet. Gobe ƙarfe goma ka kawo mana lamba. Motarmu na da mai.”

Kunne ya koma ɗakinsa, ya kashe fanka, ya buɗe ɗan littafin. Minti na sha biyu. Na ashirin da bakwai. Na arba'in da ɗaya, wanda shi ne na Almakashi. Na hamsin da takwas. Na saba'in da uku. Ya fara da na arba'in da ɗaya, don shi ma zuciyarsa ta riga ta yanke hukunci.

Mata da miji suna gardama a kicin. Cokali ya taɓa kwano. Ba zakara.

Ya bi sauran huɗun. Ba zakara. Ya ce wataƙila ɓarawon ya waye, ya goge. Amma in aka goge sauti sai ya bar tabo, iskar ɗakin takan ɗan yanke, kuma shi ba a yi tabon da zai wuce shi ba. Ya ƙara murya har kansa ya fara sara. Ya saurari fim ɗin daga farko har ƙarshe, bai tsallake ko daƙiƙa ba. Sautin sumul yake, tas, kamar yadda ya fita daga hannunsa.

Ya cire hedifon ya ajiye. Kwafi ɗaya ne a duniya ba shi da zakara. Bai taɓa sa wa nasa ba. Wa zai sa wa kansa tarko?

Yana da wata ɗabi'a ta aiki da yake alfahari da ita. In ya gama haɗa sauti sai ya tura fim ɗin cikin wayarsa, ya ji yadda yake fita a ƙaramar sifika, don ya san a waya yawancin mutane za su kalla. Ranar Juma'ar da ta wuce ya yi haka. Ranar Juma'a kuma a shagon Yaya yake cin abincin rana, shekara da shekaru. Ya tuna ya sa wayar a caji a bayan madubi, ya fita ya raka wani abokinsa bakin titi, suka tsaya hira. Wayarsa ba ta da sirri a wajen Yaya. Lambar buɗe ta ma shekarar haihuwarta ce.

Ya nufi shagon Yaya. Tun daga bakin layi ya ji sautin fim ɗin. Bai kai shagon mai ɗinki ba ya gane cokalin da ya taɓa kwano. A cikin shagon mata uku ne zaune, an jingina waya da madubi, idon kowa a kanta.

“Ga mai aikin nan da kansa!” in ji ɗaya. “Kunne, ashe haka ka iya? Amma mijin nan mugu ne, ka gaya musu su kashe shi a na biyu.”

Ya yi musu murmushin da bai kai ido ba, ya zauna a benci ya jira. Yaya ta dube shi ta madubi sau ɗaya, ta ci gaba da kitso. Da ta sallami ta ƙarshe, ya tashi ya tura ƙofa.

“Yaya, wa ya ba ki fim ɗin nan?”

“Wa zai ba ni? A wayarka na gani na tura tawa.”

“Daga nan fa?”

“Na sa a zaurenmu na waya. Mu sha huɗu ne kacal, duk matan layin nan ne. Na kuma ce musu kar su ba kowa.”

“Kin ce musu.”

“Na ce musu mana. Kai, me ya sa kake kallona kamar na yanka mutum?” Ta fara cire gashi daga mataji. “Shekara nawa ina cewa ƙanena yana aikin fim, su ce ba su taɓa ganin ka a ciki ba? Na ce su kalla har ƙarshe, inda sunaye suke hawa. Ga naka nan, na huɗu daga sama. Na tsayar na nuna musu.”

Ya zauna a kujerar kitso, abin da bai yi ba tun yana yaro. Ya gaya mata fim ɗin yana intanet. Ya gaya mata motar furodusa da filinta. Ya gaya mata ƙarfe goman gobe, da Almakashi da ake zargi.

“To me na rage mata?” in ji Yaya. “Fim ɗinta ba yana wajenta ba? In aka ɗauki matajin nan nawa, ni ba ni da mataji, wannan sata ce. Abin da aka ɗauka yana nan inda yake, wace irin sata ce?”

“Irin wadda mai fosta ya yi wata bakwai a kanta.”

“Su zo su ɗaure tsohuwa, in an ce musu abin kirki ne.”

Bakinta ya faɗi haka, amma matajin ya kuɓuce mata. Kunne ya ji numfashinta ya sauya. Shekararta sittin da takwas, tana shan ƙwayar hawan jini safe da yamma, ƙafarta takan kumbura in ta daɗe a tsaye. Ya san ba za ta yi wata bakwai ba. Ba za ta yi wata biyu ba.

Ta sunkuya da ƙyar ta ɗauko matajin, ta goge shi a zani. Ba ta dube shi ba ta ce, “Ba kai kake sa zakaran ba?”

“Ni ne.”

“To sa shi.”

“Yaya.”

“Kar ka ce mini Yaya. Ba ka ce akwai wanda suke zargi ba? Me ya haɗa ka da shi? Shi ya goya ka? Shi ya wanke maka kashi? Bakinsa ya jawo masa, ba kai ba.”

Ya tashi daga kujerar. Ya koma ɗakinsa da la'asar, ya kashe fanka, ya buɗe fim ɗin da jami'in ya ba shi. Ya nemo muryar zakaran. Ya ja ta zuwa minti na arba'in da ɗaya, ya ajiye tsakanin cokali da maganar matar. Ya rage ta, ya tura ta nesa, ya ɗan dusashe ta yadda intanet yake dusashe sauti. Minti shida aikin ya ɗauke shi. Ya saurara. Ko shi da kansa, da wani ne ya kawo masa, da ya rantse tun farko tana nan. Ya juye a wani filashi baƙi. Na jami'in ja ne. Ya sa ja a aljihun dama, baƙi a na hagu, ya kulle ɗakin.

Da safe ya bi hanyarsa ta kullum. A gaban shagon mai fosta ya ga sarƙar ta ɗan saki, iska tana kaɗa ta a jikin ƙofa. Shekara biyu yana wucewa, bai taɓa jin ƙararta ba sai ranar.

Motar mai buɗaɗɗen baya tana tsaye a ƙofar ofis, direban yana ciki. A barandar ciki Almakashi ne zaune a benci, an kira shi ya zo. Ya rame cikin kwana ɗaya. A kan cinyarsa akwai leda, ta ciki ana hango tawul da buroshin haƙori da kwalbar magani. Matarsa ce ta haɗa masa, ko da ba za a bar shi ya dawo ba. Da ya ga Kunne sai ya miƙe ya kama hannunsa.

“Na gode wa Allah da kai ne za ka saurara,” ya ce. “Na gaya wa uwar yara ta kwantar da hankalinta. Ni dai baki ne da ni, ka sani. Amma kai ba ka kuskure.”

Kunne ya zare hannunsa ya shiga.

Furodusa tana inda ya bar ta jiya, kamar ba ta tashi ba. Jami'in ya buɗe fayil ya cire murfin biro.

“Lamba nawa?”

Hannun Kunne yana aljihun hagu. Ya ji filashin ya yi ɗumi. Ta bangon yana jin Almakashi yana murza ledarsa.

“Babu zakara,” ya ce.

“Ban gane ba.”

“Kwafin da ya fita ba ya cikin biyar ɗin nan. Ɗaya ne ba shi da alama. Nawa ne. Daga wayata ya fita.”

Furodusa ta ɗago kai a hankali. Jami'in ya mayar da murfin biron, ya jingina.

“Wa ka ba wayar?”

“Ba kowa.”

“Malam, mutum irinka ba ya ɗora fim a intanet. Wa ya taɓa wayar? Matarka? Abokinka?”

“Ni na tura.”

“Waya tana riƙe sunan duk wayar da ta yi hulɗa da ita, ka san wannan. In muka buɗe za mu gani.” Ya buga tebur da yatsa. “Zazzage aljihunka a nan.”

Waya. Makullai. Ɗan littafin. Filashi ja. Filashi baƙi.

“Wannan fa?”

Jami'in ya cusa baƙin a kwamfutarsa, ya ga fim ɗin ne, ya duba ɗan littafin, ya ja zuwa minti na arba'in da ɗaya, ya ƙure murya. Mata da miji a kicin. Cokali ya taɓa kwano. Can nesa, zakaran Yaya ya yi cara.

Jami'in ya saka jan, ya je wuri ɗaya. Ba komai. Ya dubi Kunne kamar yau ya fara ganin sa.

“Ashe haka. Kai ka fitar, ka kuma shirya rataya wa wancan bawan Allah, sai a bakin ƙofa zuciyarka ta karaya.” Ya girgiza kai. “Mai fostan fa? Shi ma haka ka yi masa?”

“A'a. Nasa gaskiya ne.”

“In ji wa?”

Shekara biyu kalmarsa ce hujja. Yanzu kowa a ɗakin ya ga zakara yana cara inda aka ajiye shi.

Furodusa ba ta zage shi ba. Ta dube shi ta ce, “Shekara huɗu, Kunne.” Ta tashi ta fita. Ya ji ta tsaya a baranda tana ba Almakashi haƙuri, ya ji ledar ta faɗi ƙasa.

Filashin baƙin nan shi ya rufe maganar. Mutumin da zai iya wannan, in ya ce shi ya tura, ba wanda zai tsaya neman wani. Jami'in ya sa wayar a leda, ya rubuta lamba a jiki, ya jefa a durowa. Motar da aka zuba wa mai don Almakashi, Kunne ta ɗauka.

Wata goma aka ba shi. An kwashe na'urorinsa, ƙungiya ta soke sunansa. Fim ɗin ya fita ranar da aka sa, aka nuna wa kujeru, don kowa ya riga ya gani. Furodusa ba ta sake yin wani ba. Mai fosta ya ɗauki lauya a kan a sake duba shari'arsa, har yanzu ana kai da kawo. Dabarar zakara kuwa ta mutu daga ranar, kuma fina-finai suna ci gaba da zuba.

Yaya ta riƙa kai masa abinci duk ranar da aka bari. Ba ta taɓa cewa ya yafe mata ba, shi ma bai nema ba. Sau ɗaya, ta cikin waya mai raga, ta ce, “Wawa. Da ka miƙa baƙin ka yi shiru.” Ya ce ta ƙara gishiri a miya, ta can ba ta da shi.

Da ya fito ba mai ba shi fim, ko na talla. Ya kafa tebur a barandar shagonta yana gyaran sifika da rediyo da waya. Masu kawo waya sukan gwada ta da abin da ke ciki, kuma sau da yawa fim ɗin nan ne. Yakan gyara, ya miƙa. Yaya har gobe tana cewa abin da bai ragu ba ba sata ba ne. Ta dai fita daga zauren matan, ta kuma juya kujerar kitsonta ta fuskanci ƙofa.

Wayarsa da jami'in ya jefa a durowa ba a dawo da ita ba. Ya tambaya sau ɗaya, aka ce tana cikin kayan shaida, kuma lauyan mai fosta ya nemi a binciki duk abin da aka karɓa a hannunsa. Ba a faɗi rana ba. Sunan wayar Yaya kuwa yana nan a cikinta.

Layin nasu motoci suna wucewa da yawa. In wata ta rage gudu, Yaya ba ta duban titi. Fuskar ƙanenta take duba, hannunta a tsaye cikin gashin mutane, don ta san shi zai fara ji tun motar tana kwanar mai magani. Yakan ɗan karkata kai, ya saurara, sannan ya ce, “Ba ita ba ce.” Sai ta ci gaba da kitso.